Larabar Da Baba Bai Zo Ba

Shekarun baya, ina sabon ɗauka, na yi aiki a ɗakin gashin ƙashi na wani ƙaramin asibiti a wajenmu Gwarzo. Ni mataimaki ne kawai. Likitar gashi ta ainihi, mai lasisi, daga Kano take zuwa duk Laraba, don asibiti uku ne a wuyanta. Ita ke duba mara lafiya ta rubuta irin motsa jikin da za a yi masa, ni kuma in bi rubutun har mako ya zagayo. Dokar aikinmu ke nan: mataimaki ba ya ƙara wa mara lafiya sabon mataki sai likita ta gan shi da idonta ta sa hannu.

Amma da yake farar riga nake sawa, mutanen ƙauye likita suke ce min. Ban taɓa gyara wa kowa ba. Gaskiya ma daɗi nake ji, har wata tafiya ta musamman na ƙirƙiro wa kaina a barandar asibitin.

A cikin masu zuwa akwai wani dattijo manomi daga Durun, wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Babban ɗansa ne ke ɗauko shi a mota sau biyu a mako. Baba mutum ne mai tsokana. Ina lanƙwasa masa ƙafa yana cewa, "Likita, a hankali. Wannan ƙafar ta girmi babanka." Wata huɗu muna tare. Daga kwance ya koma zama, daga zama ya fara ɗaga ƙafar da kansa. Abin da ya rage shi ne tsayuwa, ya dafa ƙarafuna biyu na koyon tafiya da ke ɗakin ya miƙe. Likita ta ce Laraba mai zuwa za ta auna jininsa, in ya yi daidai mu tayar da shi.

Larabar ta zo, likita ba ta zo ba. Mahaifiyarta ce ba lafiya aka kwantar da ita. Wata Larabar ma haka.

Ranar Litinin ta gaba, bayan mun gama, Baba ya riƙe min hannu da hannunsa mai lafiya, ya sa ɗansa ya fita waje.

"Likita, alfarma nake nema. Ka tayar da ni. Raka'a biyu kawai zan yi a tsaye, a jikin ƙarfen can."

Na ce, "Baba, ai sallarka ta zaune karɓaɓɓiya ce."

"Na sani, liman ya faɗa min. Amma tun ina yaro nake tsayuwa a sahun farko. Yanzu a bakin ƙofa ake ajiye ni kusa da takalma. Ƙafar nan ta gaya min za ta iya."

Ni ma na san za ta iya, a hannuna ƙarfinta ya dawo. Na ce masa ba ni da izini, sai ya kalle ni da mamaki.

"Ba kai ne likita ba?"

Ranar na fara faɗin gaskiya. Na ce, "Baba, ni ba likita ba ne. Mataimakinta ne."

Ya yi ɗan murmushi. "To ai da ka faɗa tun tuni, da ban ɓata maka ladabi na wata huɗu ba." Muka yi dariya, amma idonsa ya cika da ƙwalla, ni kuma kunya ta hana ni ɗaga kai.

Na fita na kira likita a waya na roƙe ta. Ta ce, "Ka san yadda jininsa yake hawa da sauka. In ya miƙe jiri ya ɗebe shi ya karya ƙugu, ba zai sake tashi ba har abada. Jibi ina nan tafe in sha Allahu. Ka ba shi haƙuri." Na dawo na ce, "Sai Laraba, Baba." Ya ce, "Allah Ya kai mu." Ɗansa ya tura shi a keken marasa lafiya, yana ta waiwayen ƙarafunan har suka fita.

Laraba da sassafe likita ta iso. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce, "Ina fayil ɗin Baban Durun? Yau za mu tayar da shi." Na goge ƙarafunan, na shimfiɗa sabuwar sallaya a tsakaninsu, wadda na saya masa a kasuwa ranar Talata da yamma. Muna jira wayata ta yi ƙara. Ɗansa ne. Ciwon ya sake bugun Baba bayan sallar asuba, kuma Allah Ya karɓi abinSa. Likita ta zauna a bakin gado da fayil ɗin a cinyarta.

Na cire farar rigar, na hau babur na tafi Durun, na samu jana'iza.

Har yau ban ce dokar nan ba daidai ba ce. Daga baya na ga wanda wani mai gaggawa ya tayar, ya faɗi, bai sake taka ƙasa ba. Da na tayar da Baba, wataƙila ni ne zan zama sanadi, wataƙila kuma da ya yi raka'o'insa biyu ya koma gida yana tsokanata. Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ke damuna. Abin da na sani shi ne, duk wanda ya rubuta cewa mataimaki ya jira likita, ya kamata ya tabbatar akwai likitar da za a jira kusa. Tun daga ranar kuma, duk wanda ya ce min likita, nan take nake gyara masa.

A Durun ɗansa ya jawo hannuna ya sa ni a sahun farko. Sallar gawa ba ruku'u ba sujada, a tsaye ake yin ta daga farko har ƙarshe. Muka tsaya mu duka, garin kaf, Baba kaɗai ne a kwance.