Madam da buhun shinkafa

Na kai wa maigidana abinci injin casar shinkafa na hanyar Mahuta, sai na tarar da Madam, mai wurin, rungume da buhu tana haki. Dama ciwon baya ya sa maigidan nawa shirin barin aikin, ga ni da ciki.

"Madam, lafiya?"

"Amarya, mijinki ya ce sikeli ya yi wa inji nisa. Haka muke duk Asabar: ma'aikaci ya kawo kuka, in ɗanɗana da kaina, mu gyara." Ta dire buhun, ta juya wajen wani ma'aikaci. "Wayyo! Ɗanladi, ku jawo sikelin nan kafin ku kashe ni!"

A ranar maigidana ya fasa barin aikin.

Duk littattafan soyayyar da na karanta, ban taɓa gamuwa da jaruma irinta ba. Ku fa, oganku ya taɓa ɗaukar buhunku?