Malam Sani ya yi sallama a ofis

Jama'a, yau mamaci ya nemi shiga kwamfutarmu.

Kun san ni ke kula da kwamfutocin ƙungiyar manoman rake a Makarfi. Na sa musu manhajar tsaro: duk adireshin intanet da ya yi ta kuskuren fasawod, wato kalmar sirri, sai ta toshe shi da kanta. Da safe shugabanmu Alhaji Garba ya kira ni: "Isa, ba mai iya shiga, ga mutanen Dandamisa na jiran rajistar taki."

Na zo na duba, ashe adireshin ofis ɗin kansa ta toshe. Na buɗe, kafin in miƙe ta sake toshewa. Sai na leƙa in ga da sunan wa ake ta gwada shiga.

Malam Sani. Sakatarenmu da muka binne kafin azumi! Ni da hannuna na canza fasawod ɗinsa.

Na ce, "Alhaji, Malam Sani ne ke sallama."

Can sai sabuwar sakatariya, Malama Rabi, ta ce, "Wayarsa na gani a durowa, na sa caji in kai wa iyalinsa."

Ashe wayar tana kunnuwa ta kama intanet ɗin ofis, ta shiga neman saƙonninsa da tsohon fasawod, yadda ta saba kullum da safe.

Alhaji ya ce, "Kashe ta, mutane na jira."

Na ɗauka, ga hotonsa a fuskar wayar yana murmushi. Wallahi sai da na amsa masa sallamar kafin na kashe.