Randar Ƙarshe ta Inna Ma'u

Duk wanda ya sha ruwan sanyi a tsohon Zongon Lome kafin zuwan firij, da wuya in ba daga randar Inna Ma'u ya sha ba. Ni maƙwabciyarta ce shekara ashirin da ɗoriya, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin kasuwa ba.

Maginiyar tukwane ce, gajera, mafaɗaciya, kullum farcenta cike da yumɓu. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ƙanenta ya rasu ta ɗauki ɗansa Lukuman ta riƙe, da tukwanen nan ta yi masa karatun Faransanci har ya samu aikin ofis. Ba ta sakin randa sai ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa ta saurara. In ƙarar ba ta fita sarai ba, a gabanka za ta fasa ta. Takan ce randa ta jikinta take numfashi, gumin nan da take yi shi ke sanyaya ruwa. Yaran unguwa ma sun haddace wannan karatu, balle wanda ya tashi a ɗakinta.

Shekarar da aka rushe Zongo aka kwashe mu zuwa Agoè a bayan gari, ciwo ya kama mata yatsu. Ta cije ta gina randa guda, babba, da irin zanen adon da mahaifiyarta take yi wa tukwane a wuyan randar, ta ce daga ita ta rufe sana'a. Wata 'yar kasuwa ta yi ta zarya a kanta, Inna ta ƙi. Burinta ɗaya ne: randar ta zauna a gidan jininta, a riƙa shan ruwa a ciki bayan ba ta.

Sai ga Lukuman wata Lahadi, cikin rigar atamfar jam'iyya. Ya yi aure, ya kama gida a unguwar Hanoukopé, ya zo zaɓen abin da zai ƙawata falo. Ya zagaya tsofaffin tuluna yana taɓe baki, ya tsaya a kan randar.

"Ruwa za a zuba ko?" in ji Inna.

"Haba Tanti! Jikokinki daga ciki za su sha, insha Allahu."

Ita da kanta ta naɗe ta da tsohon zane, ta bi tasi tana yi wa direba kashedin ramuka.

Bayan wata biyar matarsa Assana ta haihu, na raka Inna suna. A ƙunshinta akwai sabuwar moɗa da faifan rufi, wai randar ta yi wa tsaraba. Muna zama ta ce a ɗebo mata ruwan randarta. Assana ta kawo kofin gilashi daga firij, tana sunkuyar da kai.

Sannan muka gan ta a kusurwar falo. An mulke ta da shuɗin fentin mai, tana ƙyalli, zanen wuyan ya nutse ƙarƙashinsa. An huda gindinta don shuka, shukar ta mutu, suka zubar da ƙasar suka cusa furen roba. Wallahi ni da ba ni na gina ba sai da idona ya kawo ruwa.

Lukuman ya taso daga cikin abokan aikinsa yana dariyar yaƙe. "Tanti, c'est la décoration, ado ne kawai. Yanzu akwai firij, wa zai sha ruwan randa?"

Inna ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta je ta ƙwanƙwasa randar da kumburarren yatsanta. Ƙarar ta mutu a wurin. Ta cire furen, ta juye ruwan kofin a ciki. Ya zube ta ƙasa, ya bi siminti har ya taɓa takalmin Lukuman.

"Da baƙo ne, da na ce bai sani ba," ta ce. "Kai ka sani tun ranar da ka ɗauke ta."

Ta sa wa jaririn albarka, muka fito. Shekara shida ta ƙara a duniya, Lukuman yana zuwa gaishe ta, tana amsawa, tana ba shi ruwa a kofin roba. Moɗar nan kuwa tana rataye a ƙusa bayan ƙofarta har ranar da muka yi wa Inna wankan gawa, ba ta taɓa jiƙewa ba.