Hular Ba Modu

Cikin duk shekarun da na yi ina sanye da kaki, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Juma'a da damina, lokacin ina sufeto mai kula da kanta, wato teburin karɓar ƙara, a wani caji ofis kusa da unguwar Hausari. Sunana Saratu, 'yar kudancin Borno ce ni, kuma waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashina sun san ba na ɗaukar shirme. Ku ƙananan ma'aikata da ke gulmata cewa ina jan ƙafa kafin in bari a buɗe sel, ɗakin da muke tsare mutane, yau ga dalilin.

Bari in fara da ƙa'ida, saboda waɗanda ba 'yan sanda ba. Doka ta yarda ɗan sanda ya kama mutum ba tare da takardar kotu ba, wato waranti, idan ya aikata laifi a gaban idonsa. Amma kamawa daban, tsarewa daban. In laifin ƙarami ne ana iya jan kunne, ko a sasanta, ko a ba da beli. Kotu ma takan yanke wa mutum sharar titi maimakon gidan yari. Sai dai a lokacin zargin cin hanci ya yi mana yawa, don haka baturen 'yan sandanmu ya kafa doka: duk wanda aka kawo da mai ƙara a tsaye, ba mai sakinsa sai mai ƙarar ya janye da bakinsa, ko shi oga ya sa hannu. Ranar kuwa oga ya tafi biki Biu, sai Litinin. Wanda duk ya shiga sel da yammacin nan, a ciki zai yi Asabar da Lahadi.

Ana saukowa daga masallaci sai ga Chinedu, wani kurtu da aka turo mana daga kudu bai daɗe ba. Caɓo har gwiwa, hularsa ta zama abin tausayi, yana riƙe da hannun wani dogon dattijo siriri. A bayansu wani dattijon ne gajere mai tsagar Barebari, kansa ba hula, sanƙonsa sai ƙyalli yake. Bayansa kuma rabin Hausari ne, suna tafe suna dariya.

Chinedu ya ƙame ya sara mini, ya ce da 'yar Hausarsa, "Madam, da idona na gani. Wannan baba ya cire hula a kan wancan baba, ya gudu. Wancan ya ce ɓarawo. Na bi, na faɗi a kwata, na tashi, na kama."

Kallo ɗaya na yi musu na gane inda aka dosa. Gajeren Ba Modu ne, Babarbare mai wankin hula. Dogon kuwa Malam Buba ne, Bafulatani mai sayar da zuma da man shanu. Kowa a Borno ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Waɗannan biyun tun suna samari suke abinsu: Buba ya fizge hula, Ba Modu ya yi ihu, a fanshe ta da goro, kowa ya koma sana'arsa. To wa zai gaya wa Chinedu? Ba a koyar da wannan a makarantar horo, kuma a bisa doka bai yi kuskure ko kaɗan ba.

Na gaishe shi da Barbarci na ce, "Wushe, Baba. Wasa ne ko ƙara?"

Ba Modu ya gyara tsayuwa, ya dubi jama'a tukuna. "Ƙara ce, 'yata. Bawana ya yi mini sata da rana tsaka. Fulata ai ko a aljanna ka haɗu da shi, riƙe takalminka da kyau."

Buba ya ɗora hular a kan tasa hular. "Sufeto, tun yaushe ubangida ke satar kayan bawansa? Da shi da hular duk nawa ne. Rubuta haka."

Na ja Buba gefe na ce, "Baba, ka ce wasa ne, ka ba shi haƙuri, ka tafi gida. In ba haka ba, nan za ka kwana har Litinin."

Ya ce, "In ba Babarbare haƙuri a gaban mutanen Hausari? 'Yata, shimfiɗa mini tabarma."

Na koma wa Ba Modu, shi ma haka. A nan na gane tarkon da na faɗa. A wasan nasu, wanda ya fara cewa wasa ne shi ya saduda, shi ne bawan, kuma za a yi ta tsokanarsa da shi har kabari. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce ku ji kunyar furfurarku. Na kira oga, waya ba ta shiga. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ga mai ƙara a tsaye, ga shaidu cike da ofis, ga dokar oga a wuyana. Ba yadda na iya, na ce wa Sajan mai riƙe da makullin sel ya ci gaba da aiki.

Kafin mutum ya shiga sel ana karɓe takalminsa da tazugensa da abin da ke aljihunsa. Buba yana miƙa su yana cewa a ba bawansa ya riƙe masa, ya kuma goge takalmin kafin Litinin. Jama'a na ta ƙyaƙyatawa, har Chinedu ya fara tsarguwa yana kallona.

Sai Sajan ya ja sakata. Ƙofar ƙarfen ta yi ƙara, zafi da warin ciki suka bugo mu. Buba ya ɗaga ƙafa zai taka, ƙafar ta ƙi. Ya tsaya yana leƙen duhun nan kamar mai neman wani a ciki, ya ce a hankali, "Hamadu."

Ni a lokacin ban san sunan ba, sai daga baya. A shekarun tashin hankali an yi kame a unguwarsu a Umarari, aka kwashe samari ba takarda ba tambaya, har da ɗansa Hamadu. Buba ya yi ta yawo yana leƙa irin wannan ƙofar, Ba Modu na gefensa riƙe da kwanon abincin da suke sa ran ba yaron. Har yau ba su gan shi ba.

Ba Modu ya san sunan. Ya tako ya shiga tsakanin Buba da ƙofar. "Sajan, rufe abin nan." Sannan ya juyo ga jama'a. "Mutanen Hausari, ku shaida. Wasa ne, na janye. Hular tasa ce. Ni ma nasa ne."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kaina sai da na sunkuya kamar ina neman biro a ƙarƙashin kanta, don kada kurtuna ya ga idon sufetonsa.

Buba ya zauna a benci ya sa takalminsa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya miƙe sai ya cire hular, ya kafa wa Ba Modu ita da hannu biyu, ya daidaita masa karinta. Ya ce, "Me ka ce ɗazu? Ƙarar sakatar nan ta toshe mini kunne, ban ji komai ba. Rufe sanƙon nan, bawa, kada ka kashe mana ido."

Na ja musu kunne yadda ya kamata, muka kuma yi sulhu: Ba Modu zai wanke hular Chinedu, su biyun kuma ranar Asabar da safe za su yashe kwatar da ya faɗa, shi yana duba su. Da na biya ta wurin a keke, Chinedu na tarar a cikin kwata da shebur, dattawan suna zaune a inuwa suna gardamar wane ne shugaban aikin.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Kama mutum ba wuya, ƙafa da hannu kawai yake so, kuma sau da yawa doka na bayanka. Ƙofar nan ita ce ba a buɗewa da wasa, ko da wanda za a sa a ciki yana dariya. A garin nan, kafin ka ja sakata ka dubi fuskar mutum da kyau, domin ba ka san wa ya taɓa nema a bayan irinta ba.