Alhamis Ɗin Da Na Hana Ki, Yaya Mai Guga

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi komawarmu take. A ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Yaya Mai Guga a gadon asibiti, bayan jinya ta wata biyu da 'yan kwanaki. Ta rasu tana da shekara arba'in da tara, ta bar miji da 'ya'ya uku. Ina tsaye a bakin teburin yanka, almakashi a hannuna, 'yarta ta fari ta kira ni a waya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Anti, Mama ta cika." Na ajiye almakashin, na ce wa matan shagona su tsayar da kekunan ɗinki. Babu wadda ta tambaye ni dalili.

Yaya, ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba. Shekara goma sha ɗaya kika yi kina guga a shagon ɗinkina, a ƙaramin ɗakin nan na baya mai taga ɗaya, inda zafi yake korar kowa sai ke. A gaban mutane "uwar ɗakina" kike ce mini, ko da kin girme ni da shekara takwas. In muka keɓe kuwa, sai ki ce "ƙanwata". Ina rubuta wannan ne don mutane su san abin da kika yi mana, kuma don su san abin da na yi miki.

Ba ki cika wata huɗu da fara aiki ba ranar da na yi wa wata mai ɗinki tas a kan aljihun da ta karkata, har na jefar da rigar a ƙasa. Daga nan na shige ɗakin guga don kada a ga hawayena. Ba ki ɗago kai ba. Kika shimfiɗa tawul, kika bi shi da dutsen guga har ya ɗauki zafi, kika ninke shi, kika miƙo mini.

"Sa a mararki, ki zauna," kika ce. "Saura kwana nawa ki ga al'ada?"

Na ji kunya, na kuma ji haushi. Na ce ina ruwan al'ada da aljihun da aka ɓata. Kika ce aljihun dai ya karkace, babu musu, amma a makon jiya ma an karkatar da biyu kuma dariya na yi. Kika ce tun zuwanki kin lura mako guda nake da shi a kowane wata da nake cire zobe saboda yatsuna sun kumbura, nake dafe kai, nake faɗa da kowa har da keken ɗinki. "Baƙon wata ba shi da laifi sosai," kika ce. "'Yan share masa hanya ne suke wahalar da mu."

Har ranar nan ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa wuri guda ba. Na ɗauka mugun hali ne da ni. Maigidana ma haka ya ɗauka, don a lokacin sau biyu ina haɗa kaya a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Ke kika sa ni na riƙa yin alama a kalanda: ranar da ƙirjina ya fara nauyi, ranar da cikina ya kumbura, ranar da na yi kuka babu dalili, ranar da jini ya zo. Bayan wata uku na kawo miki takardun, muka jera su a kan teburin guga, sai ga abin a fili, kwana bakwai zuwa takwas kafin al'ada, wata bayan wata. Na nuna wa maigidana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe duk shekarun nan da kalanda yake faɗa bai sani ba.

Abubuwan da kika koya mana ba masu tsada ba ne, shi ya sa da farko muka raina su. Kika ce in kwanakin sun matso mu rage gishiri, don shi yake riƙe ruwa a jiki. Mu sassauta wa kofi da shayi mai kauri da lemon kwalba. Mu ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada mu yini da yunwa a kan keke sannan mu faɗa wa kwano gaba ɗaya. Ganye, wake, gyaɗa, ayaba, madara ga wadda cikinta yake karɓa, da ruwa mai yawa. Kullum akwai butar citta a gefen teburinki, kina dafa ta da ɗan lemon tsami, kuma ba ki taɓa tambayar wadda ta shigo da kofinta me yake damunta ba. Kin san matan shagon tara ɗaya bayan ɗaya. Mace za ta shigo tana cije leɓe, ta tarar kin riga kin ɗora tawul.

Tafiyar ƙasa ce muka fi yi miki gardama a kanta. In an tashi aiki sai ki tsare mu a bakin ƙofa ki ce ba a nan za mu hau mota ba, sai mun taka mun wuce tasha biyu. Muna ƙorafi bayanmu yana ciwo, kina cewa ai saboda shi ne. Mun yini a dunƙule kamar ƙullin kaya, dole jini ya samu hanya. Rabin awa muke yi, muna wuce masu gyaran waya da shagon katifa, kina gaba da jakarki a kafaɗa kina ba mu labarin maƙwabtanki. Kafin mu kai tasha ta biyu, wadda ta fito tana haɗe rai ita ce mai ƙyaƙyata dariya. Kuma ba kya rabuwa da mu sai kin ce, "A kwanta da wuri, a ajiye waya."

Akwai wata a cikinmu da muke kira 'Yar Alewa, don in makonta ya kama sai ta cika aljihun teburinta da kayan zaƙi. Ba ki hana ta ba. Kika riƙa kwashe rabi kina zuba mata dabino da gyaɗa a gurbinsu, ita kuma tana rantsuwa akwai ɓera mai tausayi a shagon. Amma da kika ga ciwonta ya wuce misali, tana durƙushewa a ƙasa, kuma jini ya zo ya tafi ciwon bai tafi ba, sai kika kashe dutsen guga da rana tsaka, kika ɗauki mayafinki, kika kai ta asibiti da kanki. Likita ya samu abin da ya samu, aka yi mata magani, yau 'ya'yanta biyu. Da kika dawo kika tara mu kika ce, "Ni ba likita ba ce. Abin da na sani, wahala ce ta koya mini, da wata nas da muka zauna gida ɗaya. Citta da tawul na ciwon da ya san ranar zuwansa ya san ranar tafiyarsa ne. Wanda ya zo ya zauna, ko ya hana mace miƙewa, wannan na asibiti ne, kuma ba a jira."

Na ji wannan magana da kunnena, Yaya. Na ma maimaita ta ga ƙannena da 'ya'yan yayyena kamar ni na ƙirƙiro ta.

Bara, ana saura mako uku a koma makaranta, muka karɓi ɗinkin kayan ɗalibai na makarantu biyu. Riguna sun taru a ɗakinki har sun rufe rabin tagar. A lokacin na ga kin fara guga a zaune, ke da ba ki taɓa yi ba. Na ga kina sassauta zani. Na ga kina cin loma uku ki rufe kwano ki ce kin ƙoshi. Duk na gani. Wata safiyar Litinin kika same ni a teburin yanka, kika yi ƙasa da murya.

"Uwar ɗakina, ina son ki ba ni ranar Alhamis. Ita ce ranar da likitan mata yake zama. Cikin nan nawa ya fi wata a kumbure, bai sauka ba."

Ban ko ajiye alli ba. Na ce, "Haba Yaya, ai shekarun ne, al'ada ce take shirin ɗaukewa. Ki rage gishiri, ki sha cittarki. Ke da kike ba mu magani? Bari mu miƙa kayan nan tukuna." Har da dariyata.

Kika dube ni. Sannan kika ce, "To, uwar ɗakina," kika koma ɗakinki.

Maganarki na ɗauka na rufe miki baki da ita, na zaɓi rabin da ya yi mini daɗi na bar rabin da zai ɗauke mini mai guga yini ɗaya. Muka miƙa kayan makaranta, wani aikin ya shigo. Kika sake tambaya sau ɗaya, na ce mako mai zuwa in Allah Ya so. Ba ki ƙara tambaya ba, ni kuma na ji daɗin shirunki, na ce wa kaina ai kin samu sauƙi. Za ki iya tafiya ba da izinina ba, na sani, kuma na sha faɗa wa kaina haka tun da kika kwanta. Amma na san halinki. Ba ki taɓa barin aiki a kan tebur kin fita don kanki ba, kuma da wannan halin na dogara.

Wata shida bayan nan, ana gab da azahar, muka ji ƙaurin ƙuna daga baya. 'Yar Alewa ce ta fara shiga. Ta same ki zaune a ƙasa kin jingina da bango, dutsen guga yana cin riga a kan tebur. A asibiti aka ɗauki hoton ciki, aka ɗebi jini, bayan kwana huɗu likita ya kira mu, ni da maigidanki da 'yarki. Ya ce ƙari ne a ƙwan mahaifa, kuma ya riga ya bazu. Ya juya gare ki ya tambaya tun yaushe kika fara jin kumburin. Kika ce an daɗe. Ya ce me ya hana ki zuwa.

Ina tsaye a ƙafar gadonki, hannuna a kan ƙarfen. Ba ki dube ni ba. Kika ce, "Sakacina ne, likita."

Na bi shi har baranda na tambaye shi ko da an zo wata shida baya da an yi nasara. Ya ce irin wannan ciwo yakan ɓuya, ba zai iya rantsuwa a kan komai ba, amma zuwa da wuri kullum ya fi. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma ban yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Sai dai kwananki na hannunSa, Alhamis ɗin nan kuwa a hannuna take, kuma na hana.

Sau goma sha ɗaya na zo duba ki. Kowane zuwa da maganar a bakina nake fitowa daga gida, in na iso sai in ɓuge da gyara miki matashi da ba ki labarin shago. Ke kuma kina tambayata ko mata suna takawa har tasha ta biyu, ko sabuwar mai guga ta san kwalar riga ake fara bi. Zuwana na ƙarshe kika riƙe yatsuna, kika ga babu zobe, kika yi murmushi kika ce, "Ƙanwata, makonki ne. Je ki gida ki huta." Na buɗe baki, sai nas ta shigo da allura, na ce a raina sai jibi. Jibin ita ce Talatar nan.

Kwana uku da rasuwarki, bayan masu gaisuwa sun ragu, na zauna da maigidanki da 'yarki a tsakar gidanku na faɗa musu komai, yadda na rubuta shi a nan. Maigidanki ne ya fara magana. Ya ce shi ma kin yi masa maganar kumburin, shi ma ya ce a ɗan ƙara gani, don haka ba shi da bakin da zai zarge ni, ya yafe nasa. 'Yarki kuwa ta miƙe. Ta tattara kofunan da ke gabanmu ta shige ɗaki, kuma har na tafi ba ta fito ba. Ke kuma 'yar Yaya, 'yata, ban ga laifinki ba, kuma ba zan matsa miki ba. Uwa kika rasa.

Yanzu a shagon, duk wadda ta ce za ta ga likita, a ranar take tafiya, ko kayan waye a kan tebur. Ban faɗi wannan don a yaba mini ba. Abu ne da bai fi ƙarfina ba tun farko.

Yaya, ban roƙe ki gafara kina ji ba, ga shi ina roƙo a inda ba za ki amsa ba. Ya Allah, Ka ji ƙan baiwarKa, Ka gafarta mata, Ka sa ciwon da ta ɗauka a tsaye da wanda ta ɗauka a kwance su zama kankarar zunubanta. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanyaya mata kamar yadda ta sauƙaƙa wa mata da yawa kwanakin wahalarsu. Ka sanya Aljanna ta zama makomarta. Ni kuma Ka yafe mini haƙƙinta da na danne, Ka sa ta yafe mini ranar da za mu tsaya a gabanKa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'ya'yanta uku, da 'yan'uwanta, da matan shagonmu da suka yi rashin yaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.