Aisin da Valdenira Ta Zaɓa wa Kunnen Mijinta

Shekara ashirin da takwas Dona Valdenira Pantoja ta yi tana aiki a wata masana'antar rediyo da talabijin a Manaus. Tana 'yar shekara goma sha bakwai ta baro ƙauyensu na bakin kogi kusa da Itacoatiara, daga ita sai jaka ɗaya da ragar kwanciya. Aka zaunar da ita a layi cikin mata sittin, aka damƙa mata ƙarfen narka dalma. Allon kayan cikin rediyo ya iso gabanta a kan bel mai tafiya, ta liƙa abin da aka ce ta liƙa, ya wuce, wani ya zo. Da tafiya ta yi tafiya aka ga idonta ba ya barin kuskure, sai aka mayar da ita ƙarshen layi tana duba aikin sauran. Da ta ɗaga allo ta karkata shi wajen haske za ta ce maka wannan liƙin ba zai kai damina ba, kuma ba zai kai ɗin ba. Amma da za ka nuna mata ɗaya daga cikin 'yan baƙaƙen kayan lantarkin nan masu ƙafafu da ake kira aisi ka ce mene ne aikinsa, ba ta sani ba. Ba a taɓa gaya mata ba, ita ma ba ta taɓa samun sararin tambaya ba. Da aka kawo injinan da ke yin liƙin da kansu, aka sallami yawancinsu, ta dawo gida ta jefa ƙarfenta cikin durowa.

Mijinta, Seu Osmarino, makanikin injin jirgin ruwa ne. Shekara talatin da wani abu ya yi a cikin ɗakin injin jiragen fasinja masu zuwa Tefé, inda mutum ba ya jin ko tarinsa. Ya bar aiki da lafiyarsa, amma kunne ya tafi, na hagu ya fi lalacewa. Asibiti sun ba shi ɗan abin ji na maƙalawa, yana taimakonsa wajen hira, sai dai ya ce kiɗa a cikinsa kamar ana zuba tsakuwa a kan kwanon rufi ne. Mutumin da a dā ba a tashi daga rawa sai ya gaji, ya koma idan aka kunna rediyo sai ya tashi ya fita bakin ƙofa ya zauna.

Akwai wani kaset da yake ji da shi, na wansa marigayi Dorval, wanda aka ɗauka a wani biki lokacin da Dorval ke kaɗa ƙaramar jita a ƙungiyar makaɗan unguwa. 'Yarsu da ke aure a Belém ta sa an juye kaset ɗin a waya, ta aiko masa da babban hedifon mai rufe kunne. Ranar da saƙon ya iso Osmarino ya yi wanka, ya zauna a kujera, ya ɗora shi a kai, Valdenira ta murɗa masa murya har ƙarshe. Ya saurara, sannan ya cire ya ajiye a kan tebur.

"Yana da kyau," ya ce. "Ki ce mata na gode."

"Ka ji wani abu?"

"Na ji kamar ana biki a ƙetaren kogi."

Bai sake taɓa shi ba. Abin ya tsaya wa Valdenira a rai har kwana uku. A rana ta huɗu ta sa hedifon ɗin a jaka ta hau bas zuwa gidan Seu Hideo, tsohon injiniyan sashensu, jikan Japanawan nan da suka zo noman rama a bakin kogi. Shi ma ya yi ritaya, ya cika bayan gidansa da tsofaffin rediyoyi da lasifikoki, matarsa kullum tana barazanar kiran masu gwangwan.

"Nira! Ashe kina raye? Ko kin zo duba liƙina ne?"

"Idan na duba liƙinka, Injiniya, yau ba za ka ci abinci ba. Matsala na kawo."

Ya saurare ta, ya jujjuya hedifon ɗin, ya ce wayar ce ba ta da ƙarfin tura shi, sai an haɗa ɗan ƙaramin amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti a tsakaninsu. Ya jawo takarda ya zana. Batir biyu, 'yan tarkace kaɗan, sai wani zane mai kusurwa uku a tsakiya.

"Wannan fa?"

"Shi ne zuciyar abin. Op-amp sunansa. Aisi ne mai ƙafa takwas, kin liƙa irinsa ya fi dubu ɗari."

"Me yake yi?"

Hideo ya ɗago ya dube ta. "Da gaske kike tambaya?"

"Ka taɓa gaya mana ne?"

Ya cire tabarau ya goge. Sannan ya nuna mata da bakin biro: ta waɗannan ƙafafun sauti ke shiga, ta wannan yake fita ya ƙaru, waɗannan biyun su ne na wuta, kuma ɗaya rabin aisin na kunnen dama ne, ɗaya na hagu. Ana ɗebo kaɗan daga abin da ya fito a mayar masa, shi kuma yana ta gwadawa da abin da ya shigo yana gyara kansa. Valdenira ta ce ashe aikinsu ɗaya da shi, ita ma a ƙarshen layi take tana mayar da abin da bai yi ba. A cikin bas tana komawa ta buɗe takardar a cinyarta ta yi ta kallo. Bayanin bai kai rabin awa ba. Ta rasa ko haushi take ji ko daɗi.

Kafin ta taɓa komai sai da ta ja Osmarino wajen likitar kunnensa, domin Hideo ya gargaɗe ta cewa ƙara mai yawa zai ƙarasa ɗan abin da ya rage. Likitar ta nuna mata iyakar da ba za a wuce ba, ta ce kada ya daɗe yana ji a zama ɗaya, kuma kowane kunne da nasa ma'auni. Don haka Valdenira ta sa mamurɗa biyu, ta dama da ta hagu, Hideo ya lissafa mata yadda ko an murɗa su ƙarshe ba za su wuce iyakar ba. Ta haɗa allon cikin yini biyu a kan teburin kicin, ta zaunar da shi cikin gwangwanin alewar gwaiba. A wurin aisin ta liƙa soket, don ta riƙa cire wani tana sa wani.

Daga nan aiki ya koma na zaɓe. Hideo ya ce kada ta tsaya wasa, ta nemi aisi mai lamba 2134, shi ne wanda masu son kiɗa ke yabo. Ta samo shi a wata rumfa a tsakiyar gari. Mai rumfar na miƙo mata ta karkata shi wajen haske, ta shafa bayansa da farce.

"Ɗana, wannan an goge shi an sake rubutu."

"Haba Dona, wa ya gaya miki?" Da ya ga fuskarta sai ya gyara zance. "Dona, haka aka kawo mana shi."

"Na yarda haka aka kawo maka. Dubi gefen nan, ka ga sawun gogewa? Miƙo sifirit."

Ta ɗiga a auduga ta shafa sau ɗaya, lambar ta biyo audugar. Ta ajiye masa kayansa ta yi gaba. Da Hideo ya ji labari sai da ya yi dariya har da tari, sannan ya ciro na gaske daga nasa amfilifayan ya ba ta aro. Ya haɗa mata da wani kuma wanda ya ce saurinsa ya fi na kowa. Har ta kai ƙofa ya kira ta, ya zuba mata wasu tsofaffi uku a tafin hannu.

"4556 ne, daga allunan da aka zubar na ciro. Ba wani abin kirki ba ne, ki riƙa gwaji da su kada ki ƙona mai tsadar."

Mai saurin ta fara sawa. Ko minti biyu bai yi ba ta ɗora yatsa ta janye, ya yi zafi kamar murfin tukunya, ga wani tsaki siriri a cikin sautin. Hideo ya ce a waya irin wannan yana da tsirfa, idan bai sami allon da aka yi dominsa ba sai ya riƙa karkarwa shi kaɗai yana cin wuta. Ta cire shi ta naɗe a takarda.

Da ta sa 2134 ta ɗora hedifon ɗin a kanta, sai ta zauna ba ta shirya ba. Ga jitar Dorval tar, har ƙarar yatsunsa a kan tsirkiya, ga wata mata tana dariya a bayan makaɗan. Ta kira mijinta da ƙarfi.

Ya ji, ya gyaɗa kai. "Yana da kyau."

Ta sa tsohon 4556 don dai ta cika gwaji. A kunnenta ya yi daidai, ba yabo ba fallasa. Ya ji wannan ma. "Yana da kyau."

"Kai tsoho, wanne ya fi?"

"Wanda kika ce ya fi."

"Ni kunnena lafiya lau. Kai nake tambaya."

"Nira, kin yi yawo cikin rana, kin ƙona yatsa. Ko gwangwanin banza kika ba ni zan ce yana da kyau."

Ta so ta yi faɗa, ta fasa. Washegari da safe tana dafa kofi ta tuna cewa ita a ƙasa-ƙasa take sauraro, shi kuwa kullum sai ya kai mamurɗar hagu ƙarshe. Ta sa mai tsadar, ta murɗa kamar yadda yake yi, ta riƙe hedifon ɗin nesa da kunnenta kaɗan. Duk lokacin da babbar ganga ta sauka sai sautin ya tsage. Ta sa tsohon, ta murɗa daidai wurin, ganga ta sauka cif, ba tsagewa. Ta maimaita sau uku. Ashe duk kwanakin nan don kunnenta take zaɓe.

Ta daina tambayarsa. Mako guda tana canza aisin da safe ba tare da ya sani ba, ta miƙa masa gwangwanin bayan sun ci abincin rana, ta koma bakin tagar kicin tana ɓare rogo tana kallonsa. Ranar mai tsadar, waƙa biyu yake ji ya cire yana sosa kunne. Ranar tsohon, sai ƙafarsa ta fara bin ganga, kuma sai ta zo ta taɓa kafaɗarsa ta ce lokacin da likita ta ba shi ya cika.

Ta mayar wa Hideo da kayansa ranar Lahadi. Bai ji daɗi ba.

"Kin ajiye doki kin hau jaki, Nira."

"Kaya zan ɗauka, Injiniya, ba sukuwa zan yi ba."

Ya jawo takardun bayanin aisin biyu ya bi da yatsa, ya yi ƙwafa. Ya ce gaskiya ne, tsohon yana iya tura wuta kusan ninki biyu, kuma hedifon ɗin nasu mai jan wuta ne. "Amma a kunne mai lafiya nawa ya fi."

"Ban musa ba. Ka riƙe shi don kunnenka."

Ta cire soket ɗin ta liƙa 4556 ɗin kai tsaye a allo, domin ta san danshin garin nan da abin da yake yi wa ƙafar da ba a liƙa ba.

Ba komai ne ya dawo ba. Wata rana da la'asar ta zauna kusa da shi ta ce ya ji yadda Dorval ya shigo a waƙa ta uku? Osmarino ya ce bai ji ba. Ganga yake ji, da babbar jita, da muryar mawaƙin. Ƙaramar jitar wansa siririn sauti ce, irin wanda injin ya fara cinyewa, kuma likita ta riga ta ce babu na'urar da za ta dawo da shi. Valdenira ta fara ba shi haƙuri. Shi ne ma ya yi ta ba ta baki.

"Na san inda yake shiga ai. Ina wurin aka ɗauka. Idan ganga ta zo daidai wurin, ni nake ƙarasa masa a kaina." Ya ƙara da cewa, "Kuma ko yana raye, rabin lokaci a makare yake shiga."

Labari ya kai bakin tashar jiragen ruwa, wurin tsofaffin makanikan da ke taruwa suna buga wasan domino suna yi wa juna ihu. Biyu daga cikinsu suka zo har gida da hulunansu a hannu. Ta ce kowa ya fara kawo mata takardar likitansa da hedifon ɗin da zai yi amfani da shi, don ba za ta zaɓi aisi ba sai ta ga abin da zai tura. Na farkon tsohon 4556 ta sa masa. Na biyun nasa hedifon ɗin ba mai jan wuta ba ne, sai ta koma wajen Hideo ta ce ya nemo mata 2134 na gaske, abin da ya sa ya yini yana murmushi. Yanzu duk Laraba tana zuwa gidansa da littafi da biro, yana koya mata karanta zane, tana kushe masa liƙi.

Matsala ɗaya ce ta ɓullo wadda ba wanda ya hango. Idan Osmarino ya rufe kunnuwansa ya kwanta a raga, bin waƙar yake yi da iyakar ƙarfinsa, kuma ba ya jin muryar kansa. Maƙwabciyarsu Dona Jucileide ta leƙo ta kan katanga ta ce don Allah a duba ko wani abu ya sami karen gidan. Valdenira ta ce ba su da kare. Ta yi alkawarin za ta yi masa magana, ta je har bakin ragar ta tsaya ta dube shi, idonsa a rufe, bakinsa a wangame. Sai ta juya ta je ta rufe tagar da ke ɓangaren Jucileide, ta koma ta ɗora kifi a wuta.