Kwamfutar Gidan Baƙi da Jarrabawata

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba zan manta safiyar da na rubuta jarrabawar shiga makarantar nas ba.

Lokacin muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Bronx, bayan Fordham Road kaɗan, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Aikin ya cinye min baya, na ƙudura sai na zama nas. Jarrabawar ta intanet ake yi, a kwamfuta mai kyamara, waya ba ta yi. Kowa da lokacinsa. In ka makara an rufe, sai baɗi.

Gidanmu kuwa zango ne. Duk wanda ya sauka daga Jos ko Kafanchan, a falonmu yake kwana har ya sami abin yi. Kwamfuta ɗaya ce a gidan, kuma kowane baƙo sai ya zuba mata nasa: wannan manhajar kallon ƙwallo, wancan ta waƙoƙin coci, wani ta kiran gida, wani ta koyon tuƙi. Su kama gabansu, kayansu na nan. Wa zai ce wa baƙo kada ya taɓa? In ka kunna ta, sai ka dafa shayi ka shanye ba ta gama miƙa ba. Mun saba, har muna ce mata Kaka.

Ran jarrabawa na kunna ta da wuri. Ta tashi da ƙyar, manhajoji suna ta buɗe kansu, fankarta na huci. Na danna shafin jarrabawa, shiru. Na kashe na sake kunnawa, jiya i yau. Na ce wa maigidana yanzun nan zan goge tarkacen nan kaf. Ai kuwa ya miƙe tsaye, wai kayan baƙo amana ne, wa ya sani ko akwai hotunan wani a ciki?

"Baban yara, amanar waɗanda suka yi gaba ce za ta cinye min shekara?"

"Ki yi haƙuri, Maman yara, amma ban yarda a goge abin kowa ba."

Raina ya ɓaci matuƙa. Na san halin kayana, in ya kafe ya kafe, ga lokaci na gudu. Na kira wata abokiyar aikina 'yar Kumasi wadda ta yi jarrabawar bara. Tana cikin jirgin ƙasa, muryarta na yankewa. Da ta ji bayani sai ta yi dariya, ta ce ba yawan kayan ba ne matsalar, tashi suke yi gaba ɗaya tare da kwamfutar, kowa na jan ƙarfinta. Ta ce in shiga saiti in nemi wurin da aka rubuta Startup, in kashe duk abin da ba na buƙata, amma kada in taɓa na kariya da abin da ban gane ba. Kan in ce uffan layi ya katse.

Na lalubo wurin. Lallai! Ga su nan reras, kowanne a kunne. Na juya wa maigida fuskar kwamfutar, na nuna masa ba gogewa ba ce, hana su tashi ne kawai sai an neme su. Ya sa tabarau ya duba, ya gyaɗa kai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kashewa, ta ƙwallo na fara da ita don huce haushi. Na sake kunnawa.

Kan in gyara zama, Kaka ta tashi garau. Shafi ya buɗe, kyamara ta kama, ga fuskata da ɗankwali a karkace. Na shiga ana gab da rufewa. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa, da ƙyar na danne guɗa saboda mai sa ido kan jarrabawar yana kallona ta kyamara.

Na ci jarrabawar, yau shekaruna da dama a asibiti. Maigida har gobe yana cika baki wai taurin kansa ne ya ceci hotunan mutane. Na bar masa, ai da gaskiyarsa.

Abin da na koya shi ne, ba sai ka yi watsi da kayan kowa ba kafin ka ceci naka. Ka dai san abin da zai tashi da kai da safe, sauran su jira sai ka kira su.